Gadar Tsallaka Titi ko Tudun Rage Gudu: Wanne Ya Kamata Unguwa Ta Nema a Kaduna?

Duk wanda ya taɓa halartar taron ƙungiyar ci gaban unguwa a Kaduna kwana ɗaya ko biyu bayan mota ta kaɗe yaro a bakin titi, ya san yadda zancen yake tafiya. Da an shafa fatiha mai unguwa ya buɗe taro, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu, galibi dattawa da ma'aikatan gwamnati, za su ce a rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisa a nemi gadar da mutane za su riƙa hawa suna tsallaka titi, irin waɗanda ake gani a Abuja da Legas. Matasa kuwa za su ce ba su da lokacin jiran takarda, a haɗa kuɗin karo-karo a daren nan a sayo siminti da tsakuwa, a ɗaga tudu a tsakiyar kwalta kafin gari ya waye. Kowane ɓangare da zuciya ɗaya yake magana, domin yaron da aka binne na kowa ne. Sai dai unguwa ba ta cika samun abu biyu daga hannun hukuma a lokaci guda ba, kuma abin da aka sa a takardar farko shi ne yakan zauna cikin fayil shekara da shekaru. Saboda haka ya dace a auna hanyoyin nan biyu da idon basira kafin a sa hannu.

Yaron da ake taro dominsa yana da 'yan'uwa a ko'ina cikin ƙasashe masu tasowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma kashi 92 cikin 100 na wannan asara yana aukuwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, alhali kimanin kashi 60 na motocin duniya ne a hannunsu. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, sannan fiye da rabin mamatan ba a cikin mota ajali ya same su ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, wajen mutum 19 a cikin kowane 100,000.

Kafin a kwatanta gada da tudu, sai an fahimci abin da ke kashe mai tsallaka titi, wato gudu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Titi mai layi biyu yana da faɗin kimanin mita 7, kuma ƙaramin yaro ko tsohuwa mai dogara sanda na buƙatar kamar daƙiƙa 7 kafin su ƙetare shi. A cikin wannan ɗan lokaci motar ta ci mita 150 da ɗoriya, tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi ke nan, don haka motar da yaron ya hango can nesa kamar ɗigo ita ce za ta cim masa kafin ya kai ɗaya gefen. Ta ɓangaren direba kuma, daga lokacin da idonsa ya ga mutum zuwa lokacin da ƙaramar mota mai lafiyayyen birki za ta tsaya cak a busasshiyar kwalta, yana buƙatar kimanin mita 18 idan yana gudun 30, mita 35 idan yana gudun 50, da kusan mita 70 idan yana gudun 80. Tirelar da ta yi lodi, ko motar da tayoyinta suka suɗe, ko kwaltar da ruwan damina ya jiƙa, duk suna ƙara wannan tazara nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babban mutum da mota ta buge tana gudun 50, yiwuwar mutuwarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, amma a gudun 80 tana kusan kashi 60. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a babban birnin Suwidin a watan Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Dokar hanya ta Nijeriya kilomita 50 ta yanka a cikin gari, amma wanda ya tsaya a bakin titin Ali Akilu ko titin Kachia bayan sallar isha'i ya san direbobi nawa ne ke kiyaye ta.

Gada tana barin gudun yadda yake, ta ɗauke mutum daga gabansa. Tudu kuwa yana barin mutum a ƙasa, ya karya gudun. A kan wannan bambanci ne sauran muhawarar duk ta ginu.

Amfanin gada a fili yake, kuma ba na son a raina shi. Wanda ya hau gada ya tsira gaba ɗaya, babu tanka ko tifa da za ta same shi komai gudunta, sannan zirga-zirgar manyan motoci ba ta tsayawa saboda shi. A titin da ke da layi huɗu ko shida, wanda aka gina musamman domin tafiya mai nisa, babu wata dabara da za ta ba ɗan firamare irin wannan kariya yana ƙasa.

Matsalar gada tana farawa ne daga tsayinta. Dole ƙasanta ya haura mita 5 domin tirela ta wuce da lodinta, wanda hakan ke nufin matakala fiye da 30 wajen hawa da wasu fiye da 30 wajen sauka. A tsaya a lissafa mutanen da ke tsallaka titi a unguwanninmu: mai juna biyu da goyo a bayanta, dattijon da gwiwa ta hana shi ko ruku'u sai a zaune, mai keken guragu, mai turin kurar ruwa, ɗan dako da baronsa, yarinya mai tiren talla a ka, mai kora awaki zuwa kasuwa, da masu ɗauke da makara idan maƙabarta tana tsallaken titi. Waɗannan su ne suka fi kowa jinkiri wajen ƙetarewa, kuma su ne matakala ta fi yi wa wuya. Za a iya yi wa gadar gangare a maimakon matakala, amma gangaren da mai keken guragu zai iya hawa da kansa yana buƙatar tsawon mita 12 a kan kowace mita ɗaya ta tsayi, ke nan gada mai tsayin mita 6 tana son gangaren da ya haura mita 70 a kowane gefe. Tsallakawar da ba ta wuce taku 20 ba ta koma tafiyar kusan mita 200, ga rana ga kaya, sannan filin da za a shimfiɗa gangaren sau da yawa shagunan mutane ne.

Sakamakon haka an gan shi a wurare da dama. Wani bincike da aka yi a Nakawa, kan titin Kampala zuwa Jinja a ƙasar Yuganda, ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu tsallakawa ke hawa gadar da aka gina musu, sauran suna ci gaba da ratsawa ta ƙasa. Mu ma ba sai mun je Yuganda ba, domin duk wanda ke bin hanyar shiga Abuja ya ga gadoji da 'yan kasuwa suka baje koli a kansu, jama'a kuma na gudu a ƙarƙashinsu. A Legas sai da aka haɗa da shingen waya a tsakiyar titi da jami'ai masu kama waɗanda suka ƙi hawa, kuma har yau ba a daina kamawa ba. Da daddare kuma gadar da ba ta da fitila takan zama mafakar masu ƙwacen waya, har mace ta gwammace ta yi kasada da mota a kan ta hau ita kaɗai.

Akwai wani lahani da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Direban da ya hango gada yakan ɗauka cewa an sauke masa alhakin masu tafiya a ƙasa, sai ya ƙara taka mota, ta yadda wanda ya ratsa ta ƙasa yake haɗuwa da gudun da ya fi na da. Idan kuma aka buge shi, sai jama'a su ce ai ga gada nan bai hau ba, laifin ya koma kan mamaci. Bugu da ƙari, gada wuri ɗaya take karewa. Unguwar da ta miƙe kilomita biyu a gefen titi, mai masallatai da makarantun Islamiyya da injin niƙa da mashigar lunguna a kowane taku, tana da wuraren tsallakawa da yawa, kuma babu uwar da za ta tura yaro ya yi tafiyar rabin kilomita zuwa gada domin ya sayo mata magi a shagon da take hange daga ƙofar gida.

Batun kuɗi ma yana da muhimmanci. Gada aiki ne na ɗaruruwan miliyoyin naira, mai buƙatar zane da gwajin ƙasa da biyan diyya da shiga kasafin kuɗi, kuma ko an amince da ita, an saba ganin ginshiƙai sun tsaya damina biyu ko uku ba a ɗora musu komai ba. Kuɗin gada ɗaya zai gyara mashigar makarantu masu yawa da matakan rage gudu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren rage gudu daga maƙwabtanmu ta fito. A mahaɗar Suhum da ke kan babban titin Akara zuwa Kumasi a ƙasar Ghana, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen cin rayuka, an shimfiɗa jerin ƙananan kunyoyi masu girgiza mota, kuma daga Janairun 2000 zuwa Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, mace-mace da kimanin kashi 55, munanan raunuka kuma da kashi 76. Aikin bai kai dalar Amurka 21,000 ba, alhali sake fasalin mahaɗar gaba ɗaya zai ci fiye da dala 100,000. A Darussalam ta ƙasar Tanzaniya kuma, ƙungiyar Amend mai aikin kiyaye haɗurran hanya ta bi makarantun firamare da aka fi kaɗe ɗalibansu tana sa tuddai da zanen tsallakawa da hanyar ƙafa da alamu, wani lokaci har da sauya wa makaranta ƙofa daga babban titi zuwa lungu, kuma binciken da aka yi a kan shirin ya nuna raunukan ɗalibai sun ragu da kashi 26. Abin da ya ja hankalina a misalan nan biyu shi ne yanayinsu irin namu ne, akwai motocin haya masu gaggawar lodi, akwai babura, akwai 'yan talla a bakin kwalta. Fa'idar tudu kuma ba ta tsaya kan mai tsallakawa ba, tana kaiwa ga ɗan acaba da fasinjansa, da mai Keke Napep da ke fitowa daga lungu, da shi kansa direban.

To amma tudun da ya ceci rayuka a waɗancan wurare ba shi ne wanda matasanmu ke ɗagawa cikin dare ba, kuma a nan ne nake roƙon ƙannenmu su saurara. Tudu na ƙa'ida shimfiɗaɗɗe ne, tsawonsa ta inda mota ke bi ya kai kimanin mita 3.7, tsayinsa kuma bai wuce santimita 10 ba, ta yadda mai gudun 25 ko 30 zai haye shi lafiya, mai gudun 60 kuwa zai ji a jikinsa. Ana shafa masa fenti mai ƙyalli, a kafa allon gargaɗi tun daga nesa, a bar wa ruwan sama hanyar wucewa ta gefe. Wanda ake yi da fushi kuwa yakan zama siriri mai tsini kamar kunyar dankali, baƙi a kan baƙar kwalta, babu fenti babu alama. Irin wannan yana kayar da mai babur da daddare, yana fasa ƙasan ƙananan motoci, yana wahalar da mace mai naƙuda da majinyacin da ake gudu da shi zuwa asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, kuma tanka mai lodi da ta ci karo da shi ba zato tana iya ƙwacewa ta faɗa kan shagunan da aka so karewa. A wajen gari ma akwai fargabar da direbobi ke yi ta tsayawa cak a wurin da babu jama'a, kuma a jihar nan wannan fargaba tana da dalili. Sau da yawa kuma direbobi sukan kauce wa tudun su bi ta gefen titi, daidai inda yara ke tafiya, sai dai idan an toshe gefen da dakali ko turaku.

Akwai kuma doka. A watan Janairun 2025 Ministan Ayyuka, David Umahi, ya ba da umarnin cire tuddan da aka dasa barkatai a manyan titunan tarayya, tare da sharaɗin cewa mai son sabon tudu sai ya nemi izinin ma'aikatar. Ke nan unguwar da ta zuba kuɗinta a titin tarayya ba da izini ba, tana iya wayar gari ta tarar an kankare aikin. Titin jiha yana ƙarƙashin hukumar kula da titunan jihar Kaduna, wato KADRA, ne, na tarayya kuma yana hannun ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ke Kaduna, don haka sanin mai titin shi ne matakin farko.

Idan ana son tudu ya yi cikakken aiki, a nemi a yi shi mai faffaɗan kai wanda mutane za su taka su tsallaka a kansa, da zanen fari da baƙi, sannan a haɗa shi da ɗan tsibiri na kankare a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya huta ya duba ɗaya hannun. Wannan tsibiri ƙaramin abu ne a ido, amma yana raba tsallakawa gida biyu, ya sa yaro ya lura da motocin gefe ɗaya kawai a lokaci guda. A ƙara da fitila mai aiki da hasken rana a daidai wurin, domin tsakanin magariba da isha'i, lokacin da ake tashi daga Islamiyya ake kuma fita masallaci, ido ya fi yaudarar direba. Zanen tsallakawa shi kaɗai ba tare da tudu ba, ban ga amfaninsa a titunanmu ba, don kuwa direbobi kaɗan ne ke tsaya masa, kuma yana iya sa yaro ya saki jiki. Danja tana da amfani a manyan mahaɗu, muddin akwai wuta da mai tsawatarwa. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, suna da rawar takawa, amma ba za su kwana a ƙofar kowace makaranta ba, shi ya sa gyaran da aka gina a jikin titi ya fi ɗorewa.

Da wannan ma'auni, hukuncina a kan mafi yawan titunan cikin gari ba shi da wuya. Titunan da suka ratsa Tudun Wada, Unguwar Sanusi, Badarawa, Unguwar Dosa, Malali, Kakuri, Barnawa da cikin Rigasa, inda gidaje da shaguna ke buɗe ƙofa kai tsaye a kan kwalta, rage gudu suke buƙata, kuma neman gada a irinsu ɓata shekaru ne. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna da dama ya kuma gyara su, abin da kowa ya ji daɗinsa, sai dai titi mai faɗi da santsi yana kiran gudu, kuma ramukan da a da suke tilasta wa direba taka birki sun tafi. Unguwar da aka yi wa sabuwar kwalta ita ce ta fi cancantar ta yi saurin neman matakan rage gudu, tun kafin a yi rashi na farko.

Inda lamarin yake da wuya shi ne titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ya fi sani da Baifas, da kuma mashigar gari ta Rigachikun da Mararrabar Jos a hanyar Zariya, da Gonin Gora a hanyar Abuja. An gina Baifas ne domin manyan motoci su kewaye gari, amma gari ya bi shi ya haɗiye, har ya zama yana raba Kurmin Mashi da Badiko da Bakin Ruwa da Kabala ta Yamma da maƙwabtansu, ga tireloli da tankoki dare da rana. A nan gada tana da hurumi, musamman a wuraren da ɗaruruwan mutane ke tsallakawa a wuri guda, kamar bakin kasuwa ko tasha ko babbar makaranta. Amma unguwar da za ta nemi gada a irin wannan titi kada ta karɓe ta tsirara. Ta rubuta a takardarta cewa tana son gangare tare da matakala, da fitila, da shinge mai tsawo a tsakiyar titi, da matsayar motocin haya a gindin gadar domin fasinja ya sauka inda zai hau, kuma a gina ta daidai inda sawun mutane yake, ba inda ɗan kwangila ya sami fili ba. Ta kuma nemi a shimfiɗa kunyoyi masu girgiza mota da alamun gargaɗi kafin mahaɗar tun yanzu, domin su tsare rayuka a shekarun da za a yi ana jiran gadar, su kuma ci gaba da tsare waɗanda ba za su iya hawanta ba bayan an gama.

Kafin a rubuta ko wace takarda, akwai aikin da unguwa za ta iya yi da kanta ba tare da kashe ko sisi ba. A zaɓi matasa huɗu ko biyar su zauna a bakin titi na mako guda, da safe lokacin tafiya makaranta, da azahar lokacin tashi, da kuma bayan magariba, su ƙirga mutum nawa ke tsallakawa, a daidai ina, kuma nawa ne yara da tsofaffi da masu kaya a cikinsu. A haɗa da jerin haɗurran da suka auku a shekara biyu ko uku da suka wuce, da wuri da lokacin kowanne, wanda limamai da masu unguwa da shugabannin makarantu za su iya tabbatarwa. Idan ƙirgar ta nuna jama'a na taruwa a wuri ɗaya a kan titi mai layi huɗu da manyan motoci, a nemi gada da sharuɗɗanta. Idan ta nuna tsallakawar a warwatse take a wurare biyar ko shida, a nemi tuddai na ƙa'ida da tsibiri da fitila a kowannensu, a kai takardar ga hukumar da ke da titin da sa hannun hakimi, a ba ɗan majalisa da kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗurra na jiha kwafi, sannan kuɗin karo-karon da matasa suka tara a ajiye shi domin fenti da gyaran fitila.